Ku nemi lambar sojan kakanku tun masu sani suna raye



Da yawanmu akwai mazan jiya a zuri'armu: kakanni da aka kwasa daga ƙasar Damagaram, Maraɗi ko Tawa, suka yi wa Faransa yaƙi. "Tirailleurs sénégalais" ake ce musu duka, ko da mutum bai taɓa ganin Senegal ba. Nawa kakan yana cikinsu, kuma shekara biyu ke nan ina bin sawunsa. Ga abin da na koya.

Na farko, ku fara daga gida. Ku zauna da tsofaffi, ku ɗauki muryarsu a salula. Ku tambayi sunan ubansa, garinsu, kanton ɗinsu, da sarkin da ke kan gado lokacin da aka ɗauke shi, don ku gane shekarar. Ku buɗe akwatunan ƙarfe: karnen soja, lambar yabo, katin fansho. Abu mafi daraja shi ne lambarsa ta soja, wato matirkil. Magatakardan Nasara sun sha karkata sunaye, Mahamadu ya koma Mamadou, shekarar haihuwa kuma ƙiyasi ce. Lamba ita ce ba ta canzawa.

Na biyu, takardun suna Faransa. Ma'ajiyar soja ta garin Pau ce ke riƙe da dosiyen sojojin Afirka. A Caen ake ajiye na waɗanda suka mutu ko Jamus ta kama. Shafin Mémoire des hommes kyauta ne, ku gwada rubuta sunan iri-iri.

Wani zai ce: mi ya sa za mu tono wannan? Saboda an ci haƙƙinsu. Sun shiga cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence a watan Agusta 1944. A ran 1 ga Disamba na wannan shekara, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta kan waɗanda suka nemi kuɗin aikinsu. A 1959 aka daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai 2011, bayan mafi yawansu sun kwanta dama.

Kowace lamba da muka gano, mutum guda ne ya dawo da sunansa cikin tarihi. Tsofaffinmu kuma kullum raguwa suke. Don Allah, kada satin nan ya ƙare ba ku je kun tambaye su ba.

Allah ya jiƙan mazan jiya.