Sikila da Binciken Kano

Ciwon sikila yana iya jawo wa ƙaramin yaro shanyewar ɓarin jiki. Maganin da aka saba shi ne ƙarin jini duk wata, wanda ya fi ƙarfin talaka. Wani bincike da aka gudanar a Kano da Kaduna, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ƙwayar hydroxyurea, ko da an ba da kaɗan, tana rage wannan haɗari. Amma sai an auna gudun jinin ƙwaƙwalwar yaro kafin a gane mai bukata. Ya kamata gwamnatoci su sayi na'urorin wannan awo, su horar da ma'aikata, su sauƙaƙa farashin maganin. Iyaye kuma, a kai yara gwaji da wuri.