Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Kimiyya, Jita-jita Da Amanar Da Ke Wuyan 'Yan Birni

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)



Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, Allah ya gafarta muku, shugaba da 'yan kwamitin wannan ƙungiya, iyayenmu mata, da ku 'yan'uwa da kuka taso daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin wannan rana, ina yi muku barka da zuwa gida. An nemi in yi magana a kan yadda za a isar da ilimin kimiyya ga mutanenmu a wannan zamani da jita-jita ta sami mazauni a wayar hannu. Ni dai malamin firamare ne wanda ya tsufa da alli a hannu, saboda haka abin da idona ya gani shi zan faɗa.

A damtsena na hagu akwai tabon lamba. Ina yaro ƙarami masu lambar agana suka zo garin nan, muka watse cikin dawa kamar an kori zabi. Abin da ya sa mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shiga gona ya fito da ni shi ne ya ga mai unguwa ya naɗe wa ɗansa na cikinsa hannun riga, aka fara yi masa a gaban kowa. Mahaifina bai san abin da ke cikin maganin ba, amma ya san mai unguwa. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa an kawar da agana daga bayan ƙasa, har ga shi yau jikokinmu ba su san zanzana a fuska ba.

Ina riƙe da makaranta a 2003 lokacin da maganar ɗigon shan-inna ta tashi. Aka ce an zuba masa maganin hana haihuwa, wasu suka ce har da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ranar da aka ji ma'aikata za su zo, sai iyaye su yi cirko-cirko a bakin aji suna neman 'ya'yansu. Gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da rigakafin a wannan shekara, ba a kuma koma ba sai a watan Yuli na 2004.

Kada mu yi gaggawar kiran iyayen nan jahilai, domin tsoronsu yana da tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, aka yi ta shari'a, sai a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai kuma tambayar da na sha ji a dandali, wadda ba a ba ta amsa da wuri ba: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan ɗigo kyauta, alhali in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai mun sayar da akuya?

Sai dai cuta ba ta jiran a gama gardama. Shan-inna ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman da Indunisiya. A 2006 kaɗai yara fiye da 1,000 ta shanye wa gaɓoɓi a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Waɗannan yara yanzu samari ne da 'yan mata, kuna ganin wasunsu a tashar mota da bakin kasuwa a kan keken guragu.

To, me ya juyo da hankalin jama'a? An kawo maganin daga Indunisiya, ƙasar da mutanenmu suka natsu da ita. Gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a, marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya riƙa ɗiga wa yara da hannunsa. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu alluran da magunguna da jama'a ke buƙata, wato an saurari waccan tambaya ta dandali. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamiti a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aiki ya gangaro hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Aka ɗauki matan unguwa suna shiga gidaje, waɗanda cutar ta naƙasa su ma suka fito suna nuna ƙafafunsu ga iyaye. Aikin bai tafi ba hasara ba, domin a watan Fabrairu na 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a birnin Kano, Allah ya jiƙansu. A 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta asali ta kama a jiharmu, a ƙaramar hukumar Sumaila, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. Maganin bai sauya aikinsa ba a duk shekarun nan. Bakin da ke kawo bayaninsa ne ya koma bakin da aka sani, kamar dai mai unguwarmu na zamanin agana.

Jama'a, a nan maganar ta iso kanku. A 2003 jita-jita da ƙafa take tafiya, daga kasuwar wannan gari zuwa ta wancan. Yau kuwa a dare ɗaya take gama ƙasa. Ku tuna watan Agusta na 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, aka tashe mu da asuba da kiran waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Ebola ba ta iso Kano ba, amma gishirin ya kwantar da mutane a asibiti a sassan ƙasar nan, har an yi hasarar rai. Wanda ya kira ni a wannan dare ɗalibina ne na dā, mai digiri, yana zaune a birni, kuma ƙauna ce ta sa shi. Tsohuwa a ƙauye ba ta karanta Facebook. Abin da ta sani shi ne ɗanta na Abuja ya turo murya ta WhatsApp, shi kuwa ya yi boko, ba zai cuce ta ba. Da sa hannunku saƙon ke shiga gida, ko na gaskiya ne ko na ƙarya. Da mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu kuma yara ne da ba su kammala allurar rigakafi ba.

Bayanin kimiyya da Hausa ba ya gagara. Ga misali. Ƙwayar shan-inna tana zama a hanji, ta fita da bahaya, ta shiga ruwa da abinci. A cikin yara kusan 200 da ta shiga jikinsu, ɗaya take shanyewa, sauran suna yawo da ita ba a sani ba. Shi ya sa ba a barin gida ko ɗaya. Ana maimaita ɗigon domin ba kowane zagaye yake kama jikin kowane yaro ba, tamkar yadda manomi ke koma wa gurbin da shuka ba ta fito ba. A kuma faɗi sashen da ba shi da daɗin ji: ƙwayar da ke cikin ɗigon an raunana ta ne, amma inda yara da yawa ba su karɓa ba takan yi ta yawo har ta sake ƙarfi, dalilin da ya sa aka ci gaba da rigakafi bayan 2020 ke nan. In ka ɓoye wa mutum wannan ya ji a bakin wani, ba zai ƙara yarda da kai ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kada ka tura saƙon da ya shafi lafiya ko noma sai ka san wanda ya faɗa da inda ya samo. Addininmu ma ya umurce mu da tantance labari kafin a yi aiki da shi. In kuwa ka riga ka tura sannan ka gane kuskure ne, ka koma wa mutanen da gyara da muryarka. Na biyu, Allah ya albarkaci wannan yanki da likitoci da ma'aikatan jinya da malaman gona, da yawansu 'ya'yan makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa. Ƙungiya ta tsara su, ta yadda in wata magana ta tashi za a sami ɗan gari ya naɗi amsa ta minti biyu da Hausa, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, a tura wa liman da mai unguwa da ungozoma. Na uku, in kun zo gida ku zauna a tabarma ku saurari tambayar mutane ba tare da dariya ba, ku kuma nuna musu katin rigakafin 'ya'yanku, domin gani ya kori ji.

Garin nan ne ya sayar da gyaɗa da awaki ya kai ku makaranta, yana kuma sauraron abin da za ku turo masa. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan amana, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.