Ciwon Mantuwar Da Ƙyanda Ke Bari A Ƙwaƙwalwar Yaro

Iyayen ƙasa, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya na Wurno da Rabah da Goronyo:

Kowa a nan ya san baƙon dauro. Yaro ya yi zazzaɓi, ƙuraje su feso, ya warke, a gode wa Allah. Amma a jikin 'yan ƙalilan, ƙwayar cutar takan laɓe a ƙwaƙwalwa shekara bakwai zuwa goma kafin ta farka. Likitoci suna kiran wannan ciwo SSPE, kuma wani likitan Amurka, James Dawson, ya bayyana shi tun 1933. Wani bincike a Kalifoniya kan annobar ƙyanda ta 1988 zuwa 1991 ya gano cewa cikin kowane jarirai 609 da suka yi ƙyanda kafin su cika shekara, ɗaya ya kamu.

Malamai, ku ne kuke fara ganinsa. Yaron da ya haddace izu biyar sai allonsa ya gagare shi. Yarinyar da ta iya lissafi sai ta manta hanyar gida, ta riƙa fushi ba dalili. A ce taurin kai ne a sa bulala, ko a ce iska ce a nemi hayaƙi. Sai bayan watanni jiki ya soma zabura, yaro ya riƙa faɗuwa, magana ta ɗauke. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dukan da yaron ke sha a watannin farko.

Magani fa? Akwai ƙwayar Isoprinosine, akwai allurar intaferon da a wasu lokuta ake sa wa cikin ruwan ƙwaƙwalwa. A wasu yaran sukan rage gudun ciwon, su ƙara musu lokacin da za su gane iyayensu. Ba sa warkarwa, suna da tsada, kuma yawancin yaran sukan rasu cikin shekara ɗaya zuwa uku. Magungunan farfaɗiya irin su balfurowet da kulonazefam sukan kwantar da zaburar, yaro ya samu ya ci abinci ya yi barci. Wannan sauƙi ne babba ga uwar da ke jinya.

Duk da haka a kai yaron asibiti da wuri, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware. Da gwajin wutar ƙwaƙwalwa da na ruwan laka ake tantance ciwon, kuma akwai farfaɗiya da wasu cututtukan da ke kama da shi waɗanda suke jin magani sarai.

Allurar rigakafin ƙyanda ita ce ke hana SSPE, kuma ba ta haddasa shi. Ana yin ta kyauta a wata tara, a maimaita a wata goma sha biyar. Ta biyun ce iyaye suka fi mantawa, don haka ma'aikatan lafiya ku duba katin kowane yaron da aka kawo muku, ko da ciwon ciki ya kawo shi.