Alkawarin Bari Ma Kaya Ne: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu Na Sokode Da Dapaong

 

Tambayar da kuka fi kawo mana ofis ita ce: in mun dangwala yatsa a takarda cewa ba za mu shigar da shanu gona ba sai an gama kwashe amfani, ko wannan takarda tana kama mu? Amsa ita ce tana kamawa. Dokar farar hula da Togo ta gada daga Faransa, sashe na 1145, ta ce wanda ya yi alkawarin barin wani abu sannan ya aikata shi, diyya ta hau kansa saboda saɓawar kawai.

Amma wuƙar nan baki biyu gare ta. In manomi ya sa hannu cewa ba zai nome burtali ko ya toshe mashaya ba, sannan ya yi, sashe na 1143 ya ba mu ikon roƙon alƙali a kawar da abin da ya yi. Haka nan a kara: wanda ya karɓi kafin alƙalami a kan ba zai sayar wa wani da bijimi ba, ya ɗaure kansa.

Inda muke faɗuwa shi ne shaida. Maganar baka a gindin bishiya, ranar shari'a kowa da tasa. Don haka a rubuta, a sa ranar farawa da ranar ƙarewa, a ambaci iyaka da sunanta, sarkin gari da shaidu su sa hannu, mu ma mu riƙe tamu takardar. Kada kowa ya dangwala yatsa sai an karanta masa da harshen da yake ji.

Ku sani kuma, alkawari yana kan waɗanda suka ɗauke shi ne. Baƙon da ya ƙetaro ta Cinkasse bai san da shi ba, amma ɓarnarsa mu mazauna ake ɗora wa. Duk ardon da ya sauki baƙo ya gaya masa sharaɗi tun ranar farko.

In rikici ya tashi, ƙudurin CEDEAO na 1998 kan yawon kiwo tsakanin ƙasashe ya ce a fara kai shi gaban kwamitin sulhu kafin kotu. Kada a ɗauki sanda. Ku zo mana da takardarku.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu. Wassalam.