Naman daji a gidan da babu injin niƙa

Kun saba ganina tsaye kusa da jami'ar kare haƙƙin 'yan gudun hijira, tana faɗa ina juya muku da Hausa. Yau ita ce ta ce in yi magana da bakina, domin batun na tukunya ne, kuma ta ce mun fi ta saninsa.

Ga abin da ya jawo zancen. Tun da aka kawar da amfanin gona muna ganin nama yana shigowa gidaje ta bayan fage: zomo, kurege, gafiya, zabin daji, fakara, wani lokaci har cinyar gada. Wasu yara ne ke kamowa da tarko, wasu kuma ana saye a hannun mafarautan ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ba wanda zai ga laifin uwar da ta daɗe ba ta sa wa 'ya'yanta nama a miya ba. Amma kwanan baya wata baiwar Allah ta kai nama wurin mai injin niƙan hatsi don a markaɗa mata, ya ƙi, aka yi cacar baki har maganar ta iso ofishinmu. Mai injin yana da gaskiya. Ɗanyen nama idan ya maƙale a haƙoran inji ruɓewa yake yi, kuma gero da dawar duk unguwa ta nan za su bi. Inna, ki yi haƙuri, turminki ya fi wannan injin iya aikin, in dai an bi komai a kan tsarinsa.

Kafin a ɗauko wuƙa, a tambayi yadda dabbar ta mutu. Wadda aka tsinta a mace mushe ce, addini ya hana, likita ma ya hana. Haka wadda aka kama cikin sauƙi saboda tana layi ko ta kasa gudu, domin dabbar daji mai lafiya ba ta tsayawa a kama ta da hannu. In an ga jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura, kada ma a feɗe, a haƙa rami mai zurfi a binne, a sanar da ma'aikatan lafiya. Akwai kuma masu zuba hatsin da aka jiƙa da maganin ƙwari don kama zabi da kurciya. Wuta ba ta kashe irin wannan guba, sai a bar naman gaba ɗaya. Ɓeran gida kuwa, wanda wasu yara ke gasawa, jinsinsa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. A hana su.

In dabbar ta tsallake wannan, sai gyara. A zafin ƙasar Maradi nama ba ya jira, a fitar da kayan ciki nan take. A tsaga cikin a hankali, bakin wuƙa yana kallon sama, don kada a huda hanji ko mafitsara ko matsarmama. Yawancin ƙarnin da ake cewa naman daji yana da shi daga nan yake fitowa. Mai rauni a hannu da mace mai ciki su bar wa wani wannan aikin. In babu safar hannu, a zura leda. Bayan an gama a wanke hannu da wuƙa da faranti da sabulu, a binne fata da hanji inda kare da yara ba za su tono ba.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku sosai, musamman mutanen Zamfara. Kun fi kowa sanin abin da gubar dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Duwatsun zinariya ne ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da bakin yara. To, harsashin da mafarauta da yawa ke ɗurawa a bindiga, ƙananan ƙwayoyin nan, na dalma ne. Idan ya shiga jikin dabba yakan farfashe, wani ɓarɓashin ido ba ya ganinsa. In aka jefa irin wannan nama a turmi ko a inji ba tare da an duba ba, an raba dalmar ke nan cikin kowace loma, kuma dafuwa ba ta rage mata komai. Babba yana iya ci bai ji wani abu ba, amma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da ɗan da ke ciki su ne ke cutuwa. Saboda haka a nemi inda harbin ya shiga, a bi hanyarsa da wuƙa, a yanke duk wurin da ya yi baƙi ko jini ya kwanta, a ƙara da kamar faɗin tafin hannu a kewaye in dabbar babba ce, a zubar. Na san da ciwo a zubar da nama a halin da muke ciki. Abin da ya rage a matsa shi da yatsu yanka bayan yanka. In son samu ne, yara ƙanana da masu ciki su ci na tarko, su bar na bindiga.

Naman daji yana da tauri saboda dabbar kullum cikin gudu take, kuma ba ta da kitse. Maganin taurin yana farawa daga wuƙa mai kaifi. A ɗaye farin tantanin da ke lulluɓe da tsoka, a zare jijiyoyi, domin su ne ke gagarar taɓarya. A yanka tsokar a gicciye, ba bin tsawon zarenta ba, ƙanana kamar dabino. A jiƙa cikin ruwan tsamiya ko lemon tsami da ɗan gishiri, a rufe a inuwa kamar awa ɗaya. Mai ganyen gwanda ya murje shi ya naɗe naman a ciki, yana sa laushi ƙwarai.

Sai a dafa kafin a daka. Wannan shi ne bambancin turmi da inji. Ɗanyen nama santsi yake yi a turmi, yana tsalle, jininsa kuma yana shiga tsagar itace inda gobe za a daka fura. Dafaffe kuwa da kansa yake wargajewa. A zuba shi a tukunya da albasa, citta, tafarnuwa, kanumfari, masoro da gishiri, ruwa ya ɗan rufe shi kawai, a sa murfi, wuta kaɗan kaɗan. Tunda itace yana mana wuya, yankan ƙanana da murfi mai kyau suna rage rabin wahalar. An san ya nuna idan aka tsaga tsakiya ba a ga ja ba, kuma tsokar tana barin ƙashi da kanta. A bar ruwan ya tsotse a jikinsa.

A sauke a tsince ƙashi tas. Na zomo da na tsuntsaye siriri ne, yana tsagewa kamar allura. Ni da kaina na taɓa kwana a asibiti da ɗan ƙanena saboda ƙashin fakara da ya tsaya masa a maƙogwaro, shi ya sa nake nanatawa. Wannan tsincewar kuma dama ce ta biyu ta gano harsashin da ya ɓuya. Sannan a daka da zafinsa a turmi wankakke busasshe har ya zama zare zare, a soya da ɗan man gyaɗa ana juyawa ba tsayawa, har ya bushe ya yi wara wara. Dambun nama ke nan, wanda kowa ya sani tun daga gida. In ya bushe da gaske, aka zuba a mazubi mai murfi, ana ɗiba da busasshen cokali, yana yin makonni. Zomo guda da za a cinye a dare ɗaya sai ya yi kwanaki ana barbaɗa wa yara a kan shinkafa ko fate. In an ga fumfuna ko an ji wari, a zubar.

Wadda ke son niƙaƙƙen nama ɗanye don miya, ta shimfiɗa shi a kan katako ta yi ta sara da wuƙa har ya yi laushi, ta zuba a tukunya nan take. Katakon ya zama na nama kaɗai. In naman ya fi ƙarfin tukunya, a yi banda ko a fere shi siriri a shanya kamar na kilishi, sama da ƙasa, a rufe da ƙyalle saboda ƙuda. Amma rana da hayaƙi busarwa suke yi, ba dafawa ba, sai an sake sa shi a wuta kafin a ci.

Ga kuma saƙon ofishinmu. Nijar tana da dokar farauta tun 1998, farauta sai da izini, kuma akwai dabbobin da ba a taɓawa sam, kamar raƙumin dawa irin waɗanda aka kai gandun Gadabeji. Katin hijira ba ya kare mutum in ya karya wannan doka. Ɗan gudun hijira da aka gani da bindiga a daji, ko ta harbin zabi ce, jandarmomi ba mafarauci za su ɗauke shi ba. Cinna wa daji wuta don fitar da gafiya ya sha haɗa baƙi faɗa da masu masaukinsu, domin ciyawar dabbobinsu ce ke ƙonewa. Dazuzzukan bakin iyaka kuwa, irin Baban Rafi, kun san waɗanda ke yawo a cikinsu, su ne suka raba mu da gidajenmu. Baba, kada a bar yaro ya bi zomo har ya daina hango rufin gari.

Duk wanda ya yi zazzaɓi, ko ƙuraje suka fito masa, ko gyambo mai baƙin kai a hannu bayan ya feɗe dabba, ya je asibiti a ranar, ya kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ya taɓa. Ba za a kai ƙararsa ko'ina ba. In harshe ne matsalar, a aiko a kira ni, in raka shi.