Zalika Souley da hakkin ɗiyan Nijar masu wasa da waƙa

Iyayenmu da ke zaune nan gaba, malamai, ƴan'uwa matasa maza da mata na Ƙonni, da ku da kunka taso tun daga Malbaza, Galmi, Tsarnawa da Illela, sannunku da zuwa. Allah shi saka da alheri.

An ce in yi magana bisa matasa da sana'ar fasaha. Zan bi ta rayuwar mace guda, don a fi gane inda na nufa. In na ce ku lissafa mini taurarin mata na Amurka, na Indiya ko na Kano, yanzun nan sai ku cika mini yatsun hannu biyu, har da sunan mazajensu da irin motar da suke shiga. To wa ya san Zalika Souley? Ku ɗaga hannu in gani. Kun ga dai, ba mu da yawa.

An haifi Zalika a Yamai cikin 1947. Tana ɗiyar shekara 19, a 1966, Moustapha Alassane ya sa ta cikin fim ɗinsa mai suna Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya. Ƙasarmu na da shekara 6 kacal da samun mulkin kai. Labarin fim ɗin zai ba ku dariya, kuma zai tuna muku da wasu abokanku. Wani saurayi ne ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi: malafa, wando, takalmi, bindiga. Ya rarraba ma abokansa, kowa ya yar da sunan yankansa ya ɗauki na Turawa, sunka hau dawaki sunka hana gari barci, har dattawa sunka rasa yadda za su yi da ƴaƴan da sunka haifa. Mace guda ce cikin ƙungiyar, ana ce mata Reine Christine, Sarauniya Kiristin. Zalika ke nan, da wando, bisa doki. Moustapha na yi ma masu kwaikwayon Amurka ba'a ne, tun ba a san za a yi TikTok ba. Shi Moustaphan ma namu ne, don a Tawa ya zauna shekaru masu yawa, can yake aikinsa na zane mai motsi, har Allah ya yi mashi rasuwa a 2015 a Wagadugu.

Daga nan Oumarou Ganda ya ɗauke ta, wanda sunansa ke bisa babban gidan al'adu na Yamai. Tsohon soja ne da Faransa ta kai yaƙin Indosin, kuma labarin irinsu ya bayar cikin Cabascabo, wanda anka nuna a Kan ta ƙasar Faransa a 1969: soja ya komo da kuɗɗi, abokan ci sunka cinye, ya wayi gari ba kowa. Zalika na ciki. Tana cikin Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya ƙwace budurwar wani ya yi ta ta uku. Tana cikin Saïtane, inda Ganda ya tona asirin malaman tsibbu masu ci da addini. Le Wazzou polygame shi ne fim na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu, Dokin Yennenga, a 1972. Ku riƙe wannan shekara. Turmin Danya, wanda ake lissafawa farkon finafinan Kano, sai 1990 ya fito. Kusan shekara ashirin muna gabansu. Yau mu ke tsallaka iyaka mu sayo nasu.

Ina abin ya ɓaci mata? Wuri biyu.

Na farko, rawar da ake ba ta. Masu shirya fim na son macen da za ta fito a mai zaman kanta, ko mai cin amanar miji, ko muguwar kishiya, kuma a wancan zamani ba uban da zai ba da ɗiyarsa ga haka. Zalika ta yarda, ta kuma iya, iyawar da ta jawo mata baƙin jini. Mutane su biya kuɗɗi su shiga silima su yi mata tafi, gobe su gamu da ita a hanya su zage ta bisa laifin da ta aikata cikin majigi. Namijin da ya fito a ɓarawo ko mashayi, da an kashe fitila ya koma malam wane, a gaishe shi a kasuwa. Ita kuwa rawar ta bi ta har gida. Wagga ɗabi'a ba ta mutu ba. Ku duba abin da ake rubutawa ƙarƙashin hoton kowace ƴar wasa a Facebook, sannan ku duba waɗanda ke rubutawa. Sau da yawa su ne masu finafinanta cike da waya.

Na biyu, kuma shi na fi so mu daɗe a kai, sana'ar ba ta da gindi. Finafinan wancan lokaci da tallafin Faransa ake yin mafi yawansu. Gidajen silima na ƙasashenmu kuwa kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, ke ba su abin nunawa, su kuma kaboyi da Indiya sunka fi kawo musu riba. Ɗan wasa a ba shi abin da anka ba shi ranar aiki, shi ke nan, ko fim ya zagaya duniya ba ya ƙara ganin ko dala. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Farashin uraniyom ya faɗi, gwamnati ta tsuke aljihu, kaset ɗin bidiyo ya shigo, gidajen silima sunka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Zalika ta ƙara fitowa cikin Aube noire na Djingarey Maïga a 1983, daga nan aiki ya yi ta ja baya.

Rahmatou Keïta, ƴar jarida ɗiyar Nijar, ita ta bi sawunta ta yi fim a kanta mai suna Al'lèèssi, kalmar Songai mai nufin ƙaddara. Ya fito a 2004, an nuna shi a Kan a 2005. Cikinsa za ku ga matar da sunanta ya kai ƙasashe tana zaune da ƴaƴanta huɗu cikin ɗaki biyu a Yamai, babu ko ruwan pampo. Ƙarshenta sai da ta fita ƙetare ta yi aikatau a gidan mutane. Ta rasu a Yamai ranar 27 ga Yuli 2021. Allah shi jiƙanta, shi gafarta mata.

Wani zai ce ai a Amurka ba haka ba ne. A Amurka ma an yi. Hattie McDaniel, mawaƙiya kuma ƴar wasa, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar, a 1940. Daren da anka ba ta kyautar, tebur dabam anka aje mata can gefe, don otel ɗin ba ya karɓar baƙaƙe. Kusan duk rayuwarta rawar ƴar aiki ake ba ta, ƴan'uwanta baƙaƙe kuma na zarginta da zubar musu da mutunci. Da ta rasu a 1952, maƙabartar Hollywood da ta yi wasiyya a kai ta ta ƙi karɓar gawarta. Abin da ya gyaru can, da faɗa ya gyaru. Ƴan wasansu na da ƙungiyar ƙwadago tun 1933, ita ta ƙwato musu cewa in an sake nuna fim a sake biyan wanda ya fito ciki, da kuɗɗin asibiti, da na tsufa. A 2023 sunka aje aiki kusan wata huɗu bisa wagga magana. In za mu kwaikwayi Amurka, ni dai wannan na fi so mu ɗauko bisa ga malafar kaboyi.

Mu dawo gida. Nan Ƙonni ba a raba mu da Najeriya, tsakaninmu da Illela ta can taku kaɗan ne, Sakkwato kuwa safiya guda. Yarinya mai murya ko mai iya wasa, idonta Kano yake. Fati Nijar daga Maraɗi ta fito, a Kano ta yi suna. Can ɗin ma ba lafiya ƙalau ba: a 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau bisa wani bidiyon waƙa da ta fito ciki da mawaƙi ClassiQ. Kowa na da ra'ayinsa bisa bidiyon, ba shi na zo yankewa ba. Abin lura, hukunci ya fi saurin sauka bisa mace.

Iyayenmu, na san abin da ke ranku, kuma ba zan ce tsoronku banza ba ne. Akwai masu riƙe da kyamara da ba su da tsoron Allah, masu ce ma yarinya sai ta zo ɗaki kafin a ba ta rawa. Akwai wadda ta bar lakwal don mafarkin da bai kai ta ko'ina ba. Amma hani kaɗai bai taɓa tsare kowa ba. Wadda anka hana a gida, da waya take yi a ɓoye, ko ta tsallaka iyaka ba mai rakiya, kuma can ne mugu ke jiranta. Wadda ubanta ko yayanta ya san inda take aiki, ya san mai aikin, ya ga takarda, ita ce ke da wuyar cuta. Mu ma mu tambayi kanmu: ranar biki wa muke nema in ba zabiya ba? Mu yi mata liƙi, ta wasa kakanninmu mu ji kanmu ya kumbura, amma in ɗanmu ya ce ɗiyarta yake so sai gida ya ɗauki wuta.

Ku kuma matasa masu shirya ƴan finafinai da waƙoƙi a unguwanni, kar ku maimaita abin da anka yi ma Zalika. Ko jikka biyar za ka ba yarinya, rubuta a takarda, da shaidu, da abin da za ta samu in abin ya karɓu a YouTube. Mawaƙa, akwai ofishin kare hakkin masu fasaha na ƙasa, BNDA, ku kai ayyukanku a rubuta da sunanku. Masu turin finafinai da waƙoƙi a bakin tasha, ba mu zo kashe muku kasuwa ba, kuna neman halaliyarku ne, amma ku sani kowace waƙa da kunka tura bisa dala goma ko ashirin, mai ita bai ga komi ba. Ya kamata mu zauna da ku, da masu rediyo, mu ga yadda wani abu zai riƙa komawa ga masu aikin, ko da na yankinmu ne kawai. Jiharmu ce ta ba ƙasa Ɗan Gurmu, wanda gasar waƙa ta ƙasa ke ɗauke da sunansa, bai dace a ce mawaƙanmu na tsufa da ƙoƙon bara ba.

Abu biyu nake roƙo kafin zama na gaba. Kwamitinmu ya rubuta ma magajin gari a ba mu fili da dare guda, mu nemi izinin masu shi mu nuna Al'lèèssi, iyaye da ƴaƴa a tabarma guda, a yi muhawara bayan nan. Sannan kowane ɗayanku, in ya koma Dogarawa, Badagishiri, Alela ko unguwarsa ta nan cikin gari, ya nemi tsohuwa guda mai waƙar daka, ta niƙa ko ta aure. Ku gaishe ta da goro, ku nemi yardarta, ku ɗauki muryarta da wayarku, ku rubuta sunanta da garinta da na wadda ta koya mata. In ta ce a'a, ku bar ta. Waɗanda anka samu mu haɗa su wuri guda, a ba kowace kwafinta.

Lokacina ya cika. Mai tambaya ya ɗaga hannu, amma mata za su fara.