AMSAR WASIƘUNKU: KADA KA SAYAR DA BAJIMI DON KEKEN TSERE

Takardar wanga mako ta fito ne daga wani saurayi a ƙasar Kware, mai kawo albasa kasuwar Sakkwato bisa keke. Ya ce shi da abokansa shida sukan fita yawon keke ran Lahadi, kuma sun ji ana shirin tseren keke a cikin gari, yana so ya shiga. To amma kekensa tsohon Phoenix ne mai kariya, don haka ya ƙudurta sayar da bajimin da yake kiwo ya sayi keken tsere. Mahaifinsa ya ce bai yarda ba, har sun kwana uku ba su yi wata magana kirki ba. Yana tambaya, wa ke da gaskiya?

To ƙanena, tsohonka ya fi ka gaskiya, amma saurara ka ji dalili, don ba ina nufin ka bar tseren ba.

Gaskiya ne kekuna ba ɗaya ba ne. Irin naka yakan kai kilo 20, ga shi giya ɗaya, alhali dokar manyan gasanni ta duniya ta yarda keken tsere ya sauko har kilo 6.8. Sai dai a shimfiɗaɗɗiyar hanya irin tamu, babban abokin gabar mai keke iska ce, nauyi yana bayanta. Wanda ya laɓe daf da bayan wani, na gaban yana keta masa iska, yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Shi ya sa in ka kalli tseren Faransa, wanda anka fara tun 1903, ko na Burkina Faso da anka fara a 1987, za ka ga mahaya a dunƙule awa garken tumaki. Wannan dabara ba a sayen ta a kanti. Ku bakwai ɗin nan da kuke fita ran Lahadi, ku ne makarantar.

Ga yadda za ku yi. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya a gefen kwalta, tsakanin taya da taya kamar taki ɗaya tukuna, in hannu ya faɗa ku rage. Na gaba ya ja minti ɗaya ko biyu, sannan ya duba bayansa, ya kauce, ya koma ƙarshen layi ya huta. Kada wanda ya karɓi gaba ya ce zai nuna bajinta ya ƙara wuta, layin zai tsinke ne kawai. Na gaba shi ne idon kowa: in ya ga rami, ko yashi, ko jaki ya taso, ya nuna da hannu ya kuma yi magana. Abu biyu ke kada mutane. Na farko danna birki ba zato. Na biyu barin tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda kake bi. Da ya ɗan karkace, kai ne a ƙasa, na bayanka kuma bisa kanka. Kada ka ƙura wa tayarsa ido, dubi gaba ta saman kafaɗarsa.

Batun lokaci, kun san garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, don haka ku fita da gari ya waye sosai, ku dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, to ku fara da fuskantar ta kuna da ƙarfinku, ta turo ku gida in kun gaji. Na yi shekaru ina taka keke zuwa makarantar ƙauyen da na koyar, ranar da na yi akasin haka sai da na tura shi da hannu. Kuma a wanga zamani kada ku yi nisa ba ku tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki ba. Gara ku yi ta kai da kawowa a guntuwar hanyar da kunka sani.

Kwana uku ko huɗu a mako sun isa, ɗaya daga ciki doguwar tafiya, ana ƙara nisanta kaɗan-kaɗan. Ranar da ka yi dakon albasa ita ma ka lissafa ta cikin horo. Ka riƙa tafiya da gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da sukari irin wanda ake haɗa wa yara: ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ka zuba dabino a aljihu. Kada ka jira sai ƙishi ya kama ka.

In akwai abin da zan ce ka kashe wa kuɗi, hular kwano ce ta masu keke, sai tayu biyu masu kyau da robar birki. Ka kai wa mai gyara ya cire kariya da marfin sarƙa, ya ɗaure wayoyin ƙafa, ya ɗaga sirdi yadda gwiwarka za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Duk wannan bai kai kuɗin tunkiya ba.

Kafin ka ba da suna, je ka wajen jami'an wasanni a filin wasa na Giginya ka yi tambaya: kilomita nawa ne, an ware rukunin masu keken gida ko kuwa kowa da kowa ne, za a tare motoci da 'yan kabu-kabu, akwai motar asibiti? In babu mai tare hanya, ni dai ban ba ka shawarar shiga ba. In kuma sai da keken tsere, nemi aro. Ba abin kunya ba ne. Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke na Olamfik, a Faris a 2024, da keken da 'yan Jamus sunka ara mata ta yi wani sashe na gasarta.

Ranar tsere kada ka ci abin da cikinka bai saba da shi ba, kunu ko furar da ka sani ta isa, awa biyu kafin a tashi. Da an busa usur za ka ga wasu sun fita a guje. Ƙyale su, yawancinsu za ka tarar da su a gaba suna haki. Kai dai nemi gungun da gudunsa ya yi daidai da naka, ka laɓe, ka ja naka rabon in ya zo kanka. Burinka a karon farko ka kai ƙarshe da fatar gwiwarka.

Shi kuwa Baba, yau ɗin nan bayan isha'i ka je ka durƙusa ka ba shi haƙuri, ka faɗa masa bajimi yana nan a turkensa, ka roƙe shi ya sa maka albarka. In an yi tseren ka sake rubuto muna mu ji na nawa ka zo.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.